Tsabar da Ake Bari a Ƙaiƙayi

Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya riga ya rasu, ba ta da ɗa ba ta da jika, sai ɗaki ɗaya da rumbu da akuya a gefen wani ƙauye na ƙasar Roni. Gonarta 'yar mitsitsiya ce, gyaɗa take zubawa a ciki da 'yar yakuwa a gefe. Duk da haka ban taɓa kwana da yunwa a ɗakinta ba, kuma sai da na yi gemu kafin na zauna na tambayi kaina daga ina geron yake fitowa.

Mace ce mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba don ta tsufa. Ba ta karɓar abin hannun kowa. Na tuna wata ƙaramar salla da wani mai hali ya aiko mata da zakkar kono. Ta tsayar da 'yar aiken a bakin ƙofa, ta ɗora mata kwanon a ka da hannunta, ta ce ta je ta gaya masa ba ta makance ba, ba ta gurgunce ba, ya nemi masu ita. Ni kuwa ina tsaye ina haɗiyar yawu, don har na fara jin ƙamshin fura. Mutanen gari suna cewa girman kai ne. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma in ka raba ta da girman kan nan ban san me za ka bar mata ba.

Ga yadda muke ci. A bayan gari akwai masussuka, wani fili mai taurin ƙasa wanda ba na kowa ba. In kaka ta yi, matan gidaje sukan fito da dammunan gero su sussuke a turmi, su sheƙe da ƙwarya, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta tara shi gefe guda. Bayan la'asar, in sun kwashe tsabarsu sun tafi, sai tsofaffi irin gwaggona su fito, su biyar ko shida, kowace da ƙwaryarta da faifanta, su bi tarin ƙaiƙayin nan su sake sheƙewa. Kullum akwai tsaba a ciki. Wata rana rabin kwano, wata rana kwano har da ɗori. Kafin kaka ta wuce rumbun gwaggo ya yi nauyi, in ta haɗa da dawar da take musanyawa da gyaɗarta, sai mu kai wata kakar. Ni a yarinta ɗauka nake haka gero yake, ba ya yarda ya rabu da ƙaiƙayinsa duka.

Na yi karatu, na tafi birni na koyi ƙera injuna. A can na haɗu da wani malami da ya juya mini tunani, kuma har yau ban san ko godiya zan yi masa ko ƙorafi ba. Ba ya barin ɗalibi ya fara da zanen inji. In ka zo masa da zane mai kyau, ga tayoyi ga bel ga kusoshi, sai ya kife takardar ya ce ka gaya masa me abin zai yi. Dabararsa ita ce a fara da akwati. Ka zana murabba'i fanko, a hagu ka ja kibiyoyin abin da zai shiga, a dama na abin da zai fita. Abin da ke shiga iri uku ne a wurinsa: kaya, da ƙarfi, da umarni. A cikin akwatin kuma ba a rubuta sunan ƙarfe ko ɗaya, sai aiki. Kada ka rubuta rariya, ka rubuta tacewa. Kada ka rubuta fanka, ka rubuta hurawa. Sannan ka fasa babban akwatin ya zama ƙanana, kowane da aikinsa guda, ka haɗa su da kibiyoyi har ka tabbatar babu abin da ya shiga ya ɓace, babu abin da ya fito daga babu. Sai bayan nan ake maganar siffa. Dalilinsa shi ne, wanda ya fara da siffa kwaikwayon abin da ya taɓa gani kawai zai yi, wanda ya fara da aiki shi ke da zaɓi, in fanka ta gagare shi sai ya nemi wata hanyar hurawa. Yakan kuma ce aikin da ba ka rubuta a takarda ba, inji ba zai yi maka shi ba ko za ka yi kuka. Wannan na haddace shi, na ci jarrabawa da shi, amma ban fahimce shi ba.

Da na gama na dawo Kazaure, muka haɗa shago da wani mai walda, Kirista ne haifaffen garin, iyayensa daga Filato suka zo, Hausar bakinsa ta fi tawa. Shi hannu, ni takarda. Abu na farko da na ce za mu ƙera shi ne injin sussukar gero. Akwai manya da ake kawowa daga nesa, amma nauyi gare su, suna kuma farfasa tsaba. Ni ƙarami nake so, wanda shanu ko babur za su ja. Kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na yi niyya. Na ga tafin hannun matan ƙauyenmu, kanta a kan kanta, na ga masu ciki suna ɗaga taɓarya tun hantsi har rana ta karkata. Na ce in dai na yi karatun nan ban sauke musu taɓarya ba, karatun banza na yi.

Na hau babur da littafina na zaga. Na je ƙauyukan Roni da na Gwiwa, na je Babura ranar kasuwa, na zauna da manoma a gindin bishiya ina tambayarsu me suke so inji ya yi musu. Amsarsu kusan ɗaya ce: ya yi sauri, kada ya fasa tsaba, kada ya sha mai da yawa, a iya kai shi har gona don a huta da ɗaukar dami, kuma kada ya zubar. Na rubuta duka. Ban tambayi mace ko ɗaya ba. Ba raini ba ne, ko in ce ba raini kaɗai ba ne. Namiji da littafi a hannu ba ya zuwa ya tsuguna cikin matan mutane a masussuka yana yi musu tambayoyi, sai a ce ya zare ko yana da wata manufa. Kuma a ganina ai na san aikin, tunda a gindin turmi na tashi.

A bangon shago na zana akwatunan da alli. Karɓar zangarniya, murzawa, tacewa, hurawa, tarawa, tafiya. A dama na ja kibiyoyin fita: ɗaya ta tsaba, ɗaya ta ƙaiƙayi, sai ƙara da hayaƙi. A ƙarƙashin kibiyar ƙaiƙayi na rubuta shara. Duk ƙwayar da ta bi wannan kibiya kuma na sa mata suna asara. Gwajin farko ya zubar da tsaba da ɗan dama, abokina ya ce a bar shi haka, ai ko mata ma suna zubarwa. Na ce ni ban yi karatu don in yi aiki irin na ƙwarya ba, so nake ko kaza ta tona ƙaiƙayin nan ta tashi da fushi. Na koma bango na ƙara akwati ɗaya, na rubuta mayarwa. Aikinsa ya tare ƙaiƙayi mai nauyi kafin ya fita, ya mayar da shi a sake hure shi karo na biyu. Mun sha wuya kafin ya zauna daidai, abokina ya ƙone yatsa a kansa. Na yi alfahari da akwatin nan fiye da sauran duka.

A ƙauyenmu muka fara nuna shi, don a san ɗan gari ne ya yi. Jama'a suka taru, matasa suna ɗauka da waya. Dami yana shiga, kafin a gama gaisawa tsaba ta cika buhu. Gwaggo ta zo daga baya, ba ta ko kalli injin ba. Wajen tarin ƙaiƙayin ta nufa, ta durƙusa, ta cusa hannu har gwiwa ta ɗebo na ƙasa, ta murza a tafinta ta hure. Ta sake ɗebowa a wani gefen. Sai ta miƙe ta karkaɗe zanenta.

"Ya iya aiki," ta ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ta juya ta tafi gida. Ni kuwa baki har kunne, na kwana ina ba abokina labari wai yau gwaggo ta yabi abu.

Zuwa kaka ta biyu injin ya shiga gari sosai. Hotonsa ya yi yawo a wayoyi, aiki ya yi mana yawa, zuwana ƙauye ya ragu. In na je nakan kai mata sabulu da goro da ɗan turmin atamfa, waɗannan takan karɓa, don a wurinta tsaraba ba ciyarwa ba ce. Na lura babu akuya a turke, ta ce fitina ta yi yawa ta rabu da ita. Na lura furar ta tsinke, ta ce haƙoranta ne ba sa son mai kauri. Na yarda, don yarda ta fi mini sauƙi.

Matar yayana, ɗan baffana, ita ta fasa mini. Mun saba tsokanar juna, da ta gan ni sai ta ce ga Bature ya zo duba talakawa. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta kira ni bayan danga ta tambaye ni ko na san abin da tsohuwata take ci. Na ce me ya faru. Ta ce rumbun da nake gani a rufe babu komai a ciki sai ɓeraye, wata uku ke nan tafasa da rama take dafawa, in an aika mata da tuwo ta dawo da shi ta ce ta ƙoshi. Na ce to ina geron da take samu? Sai ta dube ni kamar wanda ya tambayi hanyar gidan ubansa.

"Kai a ganinka ba mu iya sheƙa ba ne? Ni in na ga dama ko ƙwaya ɗaya ba za ta bi iska ba. Turmin ƙarshe ba ma bari ya daku. Ƙwaryar ƙarshe mukan ɗaga hannu sama mu saki. Haka na ga uwata tana yi, ba ta taɓa ce mini in yi ba, ni ma ban taɓa ce wa 'yata ba. Maza ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma sun yi kamar ba su sani ba."

Na tambaye ta ko gwaggo ta san da gangan ake bari.

"Ta sani mana, ita ma ta bar wa wasu a zamaninta. Amma tunda ba wanda ya faɗa, ba wanda ya ba ta. Guminta ne."

Kunya ce ta fara kama ni, sannan fushi. Na yi fushi da manoman da suka ce kada ya zubar, na yi fushi da malamina da akwatunansa, na yi fushi da matan da suka riƙe abu a ciki shekara da shekaru ba su gaya wa kowa ba. Amma kafin in kai Kazaure fushin ya rasa inda zai sauka sai kaina. Geron nan shi ne naman jikina. Da shi na yi tafiya, da shi na je makaranta. Na tsaya a gaban bangon shago na dubi akwatin mayarwa, na ga abin da ya kamata makaho ma ya gani: aikin gwaggona ne na zana, na sa masa murabba'i, na ba wa ƙarfe. Sheƙa ta biyu ita ce abincinta, ni kuma na kira ta asara.

Na ɗauki alli na ƙara akwati, na rubuta barin rabo. Abokina ya karanta, sannan ya tambaye ni ko yanzu so nake mu ƙera inji mai yoyo da gangan. Na ce e. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya yi wata 'yar ƙofa da mariƙi a gefe, in an buɗe ta a dammunan ƙarshe sai ƙaiƙayi ya wuce ba tare da an mayar da shi ba. Duk wanda ya zo saye sai in zaunar da shi in yi masa bayani. A nan na sake yin wauta, don abin da ya rayu saboda ba a faɗarsa, ni na dinga faɗarsa a bakin titi. Wani daga Babura ya saurare ni har ƙarshe, ya fita ya kai wa mai walda na gaba ya liƙe ƙofar. Wani dattijo mai kirki ya ce shi bai ga dalilin zubar da abinci a ƙasa ba, zai auna da kwano ya ba tsofaffin a hannu, ya fi tsabta. Kuma ya cika alkawari. Ranar da yake rabo tsofaffin sukan jeru a ƙofar zaurensa, suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna godiya, yara suna kallo.

Ko waɗanda suka yarda suka buɗe ƙofar ma ba su gyara komai ba, saboda tayoyin da na sa. Yanzu a gonar mutum ake sussuka, ƙaiƙayin a gonarsa yake zama. Masussuka ba ta kowa ba ce, gona kuwa tana da mai ita, kafin ka shiga sai ka nemi izini, neman izinin nan kuma shi ne roƙon. Kafin in farga masu walda a Kazaure da Babura sun kwaikwayi injin, suna ƙerawa babu 'yar ƙofa, har ana haurawa da shi ƙetaren iyaka. Duk abin da na yi ihu ne bayan hari.

Na je na sami gwaggo na ce ta dawo wurina Kazaure, akwai ɗaki. Ta ce ta je ta yi me, ta zauna kamar kwanon jere ana zuwa ana dubawa? Na ce to ta yafe mini, ni na janyo. Ta ce ba ta san abin da nake magana a kai ba, ita dai ta san da can akwai matan da ba su iya sheƙa ba, tana bin bayansu tana tsintar abin da suka zubar, yanzu kuma an sami wanda ya iya. Na buɗe baki zan ce na san gaskiyar maganar, ta ɗaga mini hannu. Na bar maganar, don na gane in na faɗa, har abin da ta ci a baya sai na mayar mata da shi sadaka.

Sau biyu ina kai mata buhun gero, sau biyu yana riga ni komawa Kazaure a bayan babur ɗin haya. Ta ce ranar da na fara ciyar da ita, ranar ta zama kaya. Abokan sheƙarta suka watse. Ɗaya ta koma wurin 'yarta a Nijar, ɗaya ta rasu da damina, sauran suna layin ƙofar zaure. Ita kaɗai ta rage, tana ramewa, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Da kaka ta uku ta kama, na sake kai buhu. Na tarar ba ta nan, na jingine shi a bayan ƙofarta na gudu kamar ɓarawo. Na jira kwana ɗaya, kwana biyu, mako. Bai dawo ba. Da farko na ji daɗi, daga baya tsoro ya kama ni, don na san irin yunwar da za ta sa gwaggona ta riƙe buhun nan.

Na hau babur na tafi. Ɗakinta a rufe, wata maƙwabciya ta ce tana bayan gari, ta faɗa tana kallon ƙasa. Na ajiye babur na taka. Masussukar ta cika da ciyawa, wani ma ya fara jibge bulo a gefe zai yi gini. A tsakiya ta share ɗan wuri. Ta tara ƙaiƙayi, irin wanda injina yake tofarwa a bakin hanya, da alama da tsintsiya ta bi ta tattaro shi. Ina bayan bulon nan na ga ta waiga hagu da dama, ta zaro wani ƙullin leda daga ƙarƙashin mayafinta, ta kwance, ta zazzage tsabar gero a kan tarin. Geron buhuna ne, tas da shi, babu ko tsakuwa. Ta sa hannu biyu ta cuɗa shi da ƙaiƙayin har ya ɓace. Sannan ta cika ƙwarya, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta juya wa iska gefe, ta ɗaga.

Hannun ba ya kaiwa inda yake kaiwa da. Tsabar tana zuba a gefen faifan, wata tana bin iska. Takan tsaya ta yi tari, ta sake ɗagawa. Wasu mata biyu suka wuce da itace a ka, suka gaishe ta ba su tsaya ba, ba su kuma dubi tarin ba. Na so in koma ta inda na fito, amma ƙafata ta taɓa bulo ya motsa. Ta juyo ta gan ni. Ta san na gani, na san ta sani. Ba ta sauke ƙwaryar ba, tana riƙe da ita a sama tana jira.

"Sannu da aiki, Gwaggo," na ce.

"Aiki da godiya," ta ce.

Ta ci gaba da sheƙarta. Na tsaya a wurin har ta gama, ban taya ta ba, don ba a taya su.